Nisan gari zuwa gari: me ya sa lissafin jirgin sama da na mota ba sa haɗuwa?

Wani ɗan'uwa ne ya aiko da tambaya. Ya ce ya yi tafiya tsakanin birane biyu, kafin ya tashi ya duba manhajar taswira a wayarsa ta ba shi nisa, wajen sayen tikitin jirgi ya ga wata lamba wadda ba ta kai waccan ba, da ya shiga jirgin kuma allon da ke gaban kujerarsa ya nuna masa ta uku. Shi ne yake cewa: "Wacce zan ɗauka? Ko dai a cikinsu akwai wadda ba daidai ba?"

Malam, duk ukun daidai suke, sai dai kowacce abin da take aunawa daban. Na daɗe ina koyar da karatun taswira, kuma wurin da ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne ɗaukar nisa tamkar nauyin buhu, a ɗora a sikeli a karanta a wuce. Kafin ka ce tsakanin gari kaza da gari kaza kilomita kaza ne, sai ka amsa tambaya uku: ta wace hanya, daga wane wuri a cikin garin, kuma da wane ma'auni.

Bari mu fara da lambar da ta fi ƙanƙanta, wato wadda kamfanonin jirgi suke rubutawa. Duniya a mulmule take, don haka babu wani miƙaƙƙen layi sambal a bayanta. Ɗauki ƙwallo ka ɗiga alama biyu a jikinta, ka ɗora zare daga wannan zuwa waccan ka ja shi ya yi tauri. Inda zaren ya kwanta shi ne mafi gajertar hanya. Da za ka ci gaba da jan zaren har ya kewayo inda ya faro, zai raba ƙwallon gida biyu daidai wa daida, shi ya sa masana ke kiran wannan hanyar babbar da'ira. Kewayen duniya ta ƙugunta, wato layin ikwaita, kimanin kilomita 40,075 ne. Ke nan babu garuruwa biyu a doron ƙasa da nisansu na kai-tsaye zai wuce kimanin kilomita 20,000, domin da ka zarce haka ka fara kusantar garin ta ɗaya ɓangaren.

Lissafin ba shi da wuya idan garuruwan suna saitin juna kudu da arewa. Kowane digiri guda na latitud, wato ma'aunin nisan wuri arewa ko kudu da ikwaita, kimanin kilomita 111 ne. Makka tana wajen digiri 21.4 arewa da ikwaita, Madina tana wajen 24.5, kuma kusan a kan layi ɗaya suke. Bambancinsu digiri 3 da ɗan ɗoriya, ka ninka da 111, ka samu kimanin kilomita 340. Wannan shi ne nisansu na kai-tsaye. Mai mota kuwa sai ya ci kusan kilomita 450 kafin ya isa. Riƙe waɗannan lambobi biyu, za mu dawo kansu.

Gabas da yamma ne lissafin ke son kula. Layukan longitud, wato waɗanda suka miƙe daga arewa zuwa kudu a taswira, suna buɗewa a ikwaita, suna tsukewa yayin da ake dosar ƙuryar arewa ko ta kudu har su haɗe wuri guda. A ikwaita digiri guda na longitud kilomita 111 ne, amma a saitin digiri 60 arewa, inda biranen Helsinki da Oslo suke, ya ragu zuwa kimanin 56, rabi ke nan. Wanda ya manta da wannan zai ninka nisan ƙasashen sanyi ba tare da ya sani ba.

Abin da ke ƙara rikita mutane shi ne taswirar da muka saba gani a bango. Tsarinta ya samo asali ne daga wadda Gerardus Mercator ya fitar a 1569, kuma ya yi ta ne don matuƙan jiragen ruwa, domin ta kiyaye musu kusurwar alƙibla. Ba a iya shimfiɗe abu mai mulmule a kan takarda sai an ja wani sashe, shi kuwa ya ja arewa da kudu. Shi ya sa tsibirin Girinlan ke fitowa kamar ya kai Afirka girma, alhali Afirka ta ninka shi kusan sau 14. A kan irin wannan taswira, mafi gajertar hanya takan fito a lanƙwashe, wadda ta fito a miƙe kuma ita ce doguwar. Fasinjan da ya tashi daga Dubai zuwa San Francisco zai ga jirginsa ya nufi arewa, ya ratsa kusa da ƙuryar arewacin duniya, sannan ya gangaro. Sai ya zaci zagaye ake yi da shi, alhali yanke ne. Kimanin kilomita 13,000 ce tafiyar, kuma da an bi layin da ya fito a miƙe a kan takarda da ta fi haka nesa ba kusa ba.

Misalin da na fi so shi ne na alƙibla. Birnin Washinton yana wajen digiri 39 arewa, Makka tana 21, don haka duk wanda ya kalli taswirar bango zai rantse alƙiblar Washinton kudu maso gabas take. Amma babban masallacin birnin, wanda aka buɗe a 1957, arewa maso gabas yake fuskanta, kuma shi ne daidai, domin zaren da ka ja daga can zuwa Makka ta nan yake farawa. Wannan ilimin kuma ba na jiya ba ne. Tun wajen shekara ta 830 Halifa Ma'amun ya tura masana filin Sinjar su auno tsawon digiri guda. Bayansu, a 1025, Al-Biruni ya kammala wani littafi a Gazna wanda ya yi shi a kan tantance matsayin garuruwa don gyara nisan da ke tsakaninsu. Duk lokacin da na tuna cewa da sanda da igiya da kallon rana suka yi wannan aikin, nakan ƙara ganin girmansu. Abin da wayarka ke yi cikin ƙiftawar ido, asalin lissafinsa ɗaya ne da nasu.

To ga lambar kamfanonin jirgi ke nan. Ita ce ake kira nisan sama, amma a gaskiya kusan babu jirgin da ke binta daidai, kuma nan ne lambar allon kujera take fitowa.

Sararin sama ba fili ne da kowa ke bi inda ya ga dama ba. A sassa da yawa akwai hanyoyi da aka shata, da mahaɗu masu sunaye, kuma masu kula da zirga-zirgar jirage ne ke ba kowane matuƙi layinsa da tsayin da zai hau. Wajen tashi, jirgi yakan fuskanci iska ne, ko da kuwa garin da za shi yana bayansa, sai ya hau sannan ya juyo. Wajen sauka ma haka, in filin ya cika a sa shi ya yi ta shawagi yana jiran layi. Waɗannan kaɗai suna ƙara gomman kilomitoci, kuma sun fi bayyana a gajeruwar tafiya.

Sai iska. Can sama, wajen kilomita 9 zuwa 12 daga ƙasa, akwai wata iska mai gudu kamar kogi daga yamma zuwa gabas, wadda gudunta kan wuce kilomita 200 a awa, musamman lokacin sanyi. Mai zuwa gabas neman ta yake ya shiga ta tura shi, mai zuwa yamma kauce mata yake ko da zai ƙara nisa. Tsakanin Landan da New York kimanin kilomita 5,550 ne ko ta ina ka faro, amma zuwa New York yakan ci kusan awa 8, dawowa kuwa kusan 7. A Fabrairun 2020, lokacin guguwar da aka sa wa suna Ciara, wani jirgin British Airways ƙirar Boeing 747 ya taso daga New York ya sauka Landan cikin awa 4 da minti 56. Saboda wannan kogin iskar ne ma cibiyoyin kula da jirage na Gander a Kanada da Shanwick a ɓangaren Birtaniya da Ayalan suke sake zana hanyoyin tsallake Atlantika kowace rana. Mai tsara tafiyar jirgi abin da ya dame shi mai da lokaci ne, kilomita tana biye.

Akwai kuma batun tsaro. Jirgi mai inji biyu ba a barinsa ya yi nisa da filin da zai iya sauka in inji ɗaya ya mutu. A da iyakar tafiyar minti 60 ce, abin da ya sa irin waɗannan jirage ke rakuɓe gaɓar teku. A 1985 aka ƙara zuwa minti 120, daga baya 180, yanzu har akwai ƙirar da aka yarje wa minti 370. Kowane ƙari yana miƙar da hanyar tsallake teku. Tudun Tibet kuwa yawancin jirage masu dogon zango gewaye shi suke yi. Dalili shi ne, in iskar cikin jirgi ta zube, matuƙi dole ya sauko zuwa wajen mita 3,000 inda mutane za su iya numfashi, ƙasar Tibet kuma ita kanta tsayinta ya wuce mita 4,000, babu inda za a sauko.

Siyasa ma tana tsawaita hanya. Kafin 2022, jirgin Finnair daga Helsinki zuwa Tokyo yakan ratsa sararin Rasha ya isa cikin kimanin awa 9. Da aka rufe wa jiragen Turai wannan sararin, tafiyar ta koma kimanin awa 13. Biranen suna nan inda suke, nisan da ke rubuce a littafi bai canza ba, amma fasinja ya ƙara awa 4 a zaune.

Yanzu mu sauko ƙasa, inda tambayarka ta fi nauyi.

Titi ba don garuruwa biyu kaɗai ake yin sa ba. Yana ratsewa ya ɗauki garuruwan da ke tsakani, yana neman inda kogi ya tsuke don gada ta yi arha, yana gudun fadama, yana gewaye dutse. Yawancin manyan hanyoyi ma a kan sawun tsofaffi aka shimfiɗa su, waɗanda ƙafa da kofato suka fitar tun ana bin rijiya da mashaya. Wani abu da ba kowa ke lura da shi ba shi ne hawa. Babbar mota mai kaya ba ta iya hawan tudu mai tsananin miƙewa, don haka injiniya kan tsawaita hanyar da gangan, ya yi ta naɗe ta kwana bayan kwana, domin hawan ya zo da sauƙi. In ana so titi ya hau mita 1,000 kuma kada hawan ya wuce mita 5 a cikin kowace mita 100, dole titin ya kai kilomita 20, ko da ƙafar dutsen da kansa suna kallon juna.

A ƙasa mai shimfiɗa wadda ke da isassun hanyoyi, abin da aka saba gani shi ne nisan mota ya ɗara na kai-tsaye da kashi 20 zuwa 40 cikin 100. Koma kan Makka da Madina: 340 da 450, ƙarin kusan kashi ɗaya bisa uku. Madrid da Barcelona a Sifaniya: kimanin 505 kai-tsaye, kimanin 620 a mota, ƙarin da bai kai kashi ɗaya bisa huɗu ba. Alkahira zuwa Cape Town, tsawon Afirka gaba ɗaya: kimanin 7,200 ta sama, kimanin 10,000 ta ƙasa. In ba ka da komai a hannu sai nisan sama, ninka shi da 1.3, ba za ka yi nisa da gaskiya ba.

Amma ina roƙonka kada ka riƙe wannan ƙa'ida da ƙarfi, domin dutse da ruwa da iyakar ƙasa kowannensu na iya wargaza ta.

Daga Lima zuwa Cusco a ƙasar Peru kimanin kilomita 575 ne kai-tsaye, jirgi bai cika awa ɗaya da rabi ba. Motar haya kuwa sai ta bi gaɓar teku ta yi kudu, sannan ta hau duwatsun Andes, ta ci kimanin kilomita 1,100 cikin awa 20 ko fiye. Nisan ya kusa ninkawa, lokacin kuma ya ninka fiye da sau goma. A Nepal, Kathmandu da Pokhara kimanin kilomita 200 ne a mota, abin da a fili ba zai wuce awa biyu da rabi ba, amma a can yakan ci awa 6 zuwa sama, jirgi kuwa ƙasa da rabin awa. A irin waɗannan wurare, wanda ya ba ka kilomita bai gaya maka komai ba sai ya haɗa da awoyi.

Ruwa ya fi dutse tsanani. Helsinki da Tallin, manyan biranen Finlan da Estoniya, kimanin kilomita 80 ne tsakaninsu ta teku, jirgin fito yana ƙetarewa cikin kimanin awa 2. Wanda ya ce lallai sai tayarsa ta taka ƙasa tun daga farko har ƙarshe, mafi kusancin hanyarsa ita ce ta birnin Saint Petersburg na Rasha, sama da kilomita 700, in ma iyakar a buɗe take. Kinshasa da Brazzaville kuwa suna hangen juna, kogin Kwango ne kawai ya raba su, 'yan kilomitoci kaɗan, amma babu gada, sai jirgin ruwa. Haka nan babbar hanyar da ta taso daga arewacin nahiyar Amurka ta nufi kudancinta ta yanke a dajin Darien, tsakanin Panama da Kolombiya, giɓin kimanin kilomita 100 na ƙungurmin daji da fadama. Mai mota sai ya loda ta a jirgin ruwa. Birnin Iquitos da ke dajin Amazon, mai ɗaruruwan dubban mutane, ba shi da titin da ya haɗa shi da sauran manyan biranen Peru. A nan tambayar nisan mota ba ta ma da amsa.

Wannan ne ya sa nisan mota yake canzawa da zamani, na sama kuwa yana nan daram. Gadar Sarki Fahad mai kilomita 25, wadda aka buɗe a 1986, ta mayar da Bahrain wurin da ake zuwa da mota daga Saudiyya. Hanyar ƙarƙashin teku tsakanin Ingila da Faransa, mai kimanin kilomita 50, an buɗe ta a 1994, kodayake ita ba a tuƙa mota a cikinta, jirgin ƙasa ne ke ɗaukar motocin ya ƙetare da su. Gadar Oresund ta haɗa Kwapanhegan na Danmak da Malmo na Suwidin a shekarar 2000. Duk littafin nisa da aka buga kafin waɗannan ayyuka ya tsufa a kansu. Don haka in ka ga lambobi biyu na nisan mota sun saɓa, duba shekarar kowacce, sannan ka duba ko hanya ɗaya suke nufi. Manhajar taswira ma sau da yawa mafi sauri take zaɓa maka, ba mafi gajerta ba, kuma zaɓinta na safe na iya bambanta da na yamma saboda cunkoso.

Saura tambaya ta biyu: daga ina zuwa ina? Birni ba ɗigo ba ne, wani faɗinsa ya kai kilomita 50. Tsoffin birane sukan ware wuri guda a ce daga nan ake aunawa. A Landan Charing Cross ne, a Faris wata alama ce a dandalin gaban cocin Notre-Dame, a Madrid kuma dandalin Puerta del Sol. Nisan mota daga irin waɗannan wurare ake ƙirga shi. Nisan sama kuwa daga filin jirgi ne zuwa filin jirgi, filayen kuma galibi a bayan gari suke. Narita yana da nisan kimanin kilomita 60 daga tsakiyar Tokyo. Akwai filin da ke ɗauke da sunan Frankfurt, wato Hahn, alhali ya fi kilomita 100 daga birnin. Makka ba ta da filin jirgin fasinja, yawanci a Jidda ake sauka a ƙarasa ta ƙasa. Wannan guntun da ake ƙarasawa ba ya cikin tikiti, amma yana cikin tafiyarka.

Ma'auni shi ne na uku, kuma a nan ake yin kuskure mai arha. Mil iri biyu ne. Na tudu, wanda Amurka da Birtaniya ke rubutawa a allunan titi, mita 1,609 ne. Na teku, wanda matuƙan jiragen sama da na ruwa ke aiki da shi, mita 1,852 ne, kuma an yanka shi ne ya yi daidai da kashi ɗaya cikin 60 na digirin latitud. Tafiyar kilomita 1,000 mil 621 ce a ma'aunin tudu, mil 540 a na teku. Allon kujerar jirgi yakan jujjuya tsakanin ma'aunan nan, don haka kafin ka kwatanta lambobi, tabbatar da harshe ɗaya suke magana. Mitar motarka ma ba ma'asumiya ba ce: juyin taya take ƙirgawa, in an sa taya mai girman da ba nata ba, ko iska ta yi ƙasa, lissafin zai ɗan goce.

Ga ra'ayina kuma, tunda ka ce wacce za ka ɗauka. In tafiya za ka yi, lambar da ta fi amfani gare ka ba ta cikin ukun nan. Ita ce awoyin da za ka ci daga ƙofar gidanka zuwa ƙofar inda za ka. Mutanen da sun fi mu gane wannan, shi ya sa suke cewa tafiyar yini ce, ko zango uku ne, ba sa kawo zancen mil.

Jirgin fasinja yana gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa in ya daidaita a sama, mota kuwa a doguwar tafiya, in aka haɗa da tsayawa, da wuya matsakaicin gudunta ya wuce 70 zuwa 80. Wannan ya sa mutum ke zaton jirgi ya ninka mota sau goma a ko'ina. Amma jirgi yana da wani haraji na lokaci da ba ya raguwa komai gajertar tafiya: zuwa filin jirgi, isa da wuri, bincike, jiran shiga, tafiyar jirgin a ƙasa kafin ya tashi, jiran kaya, sannan shiga gari. In ka tara su, awa 3 ba ta yi yawa ba. Ɗauki garuruwa biyu masu nisan kilomita 300 kai-tsaye, 390 a mota, kan titi mai kyau. Mai mota zai isa cikin kimanin awa 5 ko ƙasa da haka. Mai jirgi zai yi minti 50 a sama, da awa 3 na haraji, kusan awa 4. Tazarar ba ta taka kara ta karya ba, ga shi mai mota ya tashi lokacin da ya so, ya isa da abin hawansa. Mayar da nisan ya zama kilomita 1,000: mai jirgi ƙarin da zai yi bai kai awa guda ba, mai mota kuwa zai ci awa 16 zuwa sama, kwana a hanya ke nan. A tsakanin waɗannan biyun ne ma'aunin yake rinjaya, kuma daidai inda yake rinjayar ya danganta da kyan titi.

Inda akwai jirgin ƙasa mai gudu, shi ne ke cinye wannan tsakiyar. Tokyo zuwa Osaka kimanin awa biyu da rabi ne, Madrid zuwa Barcelona ma haka, Landan zuwa Faris awa biyu da 'yan mintoci, kuma duk daga tsakiyar gari zuwa tsakiyar gari. Jirgin Haramain da aka buɗe a 2018, mai gudun kilomita 300 a awa, ya yi wa tsakanin Makka da Madina irin wannan. A 2023 Faransa ta hana wasu gajerun jiragen cikin gida inda jirgin ƙasa ke isa cikin ƙasa da awa biyu da rabi.

Abu ɗaya ba zan wuce shi da sauri ba. Awoyin da manhaja ke ba mai mota lissafin wanda ba ya tsayawa ne, ba ya gajiya, ba ya cin abinci, ba ya haɗuwa da shingen bincike ko layin kan iyaka. Na sha ganin mutane suna ɗaukar wannan lambar kamar alkawari, su yi ta danna mota don su cika ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma gudu da gajiya suna cikin manyan dalilai. Dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa direbobin manyan motoci hutun minti 45 bayan tuƙin awa huɗu da rabi, kuma a ƙa'ida ba sa wuce awa 9 a rana. Waɗannan mutane ne da tuƙi ke ciyar da su. Kai da ba sana'arka ba ce, ƙara aƙalla kashi ɗaya bisa huɗu a kan abin da waya ta faɗa maka, kuma in tafiyar ta kai ta kwana, ka kwana. Hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Sauran lambobin kowacce da gurbinta. Lissafin mai da kuɗin hanya da nisan mota ake yi: motar da ke shan lita 8 a kilomita 100 za ta buƙaci lita 36 a tafiyar Makka zuwa Madina mai kilomita 450, ba 27 da nisan kai-tsaye zai nuna maka ba, kuma lita 9 ɗin da ke tsakani ita ce ke barin mutum a daji. Nisan babbar da'ira shi kamfanonin jirgi da hukumomi ke amfani da shi a takarda. Dokar Turai ta biyan diyyar jinkirin jirgi, alal misali, ta raba tafiye-tafiye a kan kilomita 1,500 da 3,500, kuma da wannan ma'aunin take aunawa, ba da zagayen da jirgin ya yi ba. Lambar allon kujera kuwa labarin tafiyar ranar ce kawai, gobe wani zai ga wata.

In za ka lissafa awoyin jirgi daga tikiti, ka kula da agogo. Lokacin tashi na garin da ka baro ne, lokacin sauka na garin da za ka. Jirgin da ya bar Dubai da ƙarfe 8 na safe ya sauka Landan da 12 na rana a lokacin sanyi ba awa 4 ya yi ba. Agogon Dubai yana gaban na Landan da awa 4, don haka awa 8 ya yi. In dawowa ce lissafin juyawa yake, sai ka cire awa 4 daga abin da tikitin ya nuna maka.